Tikiti, "abin da ya sauwaƙa", ko kyauta: me ya dace da ƙofar gidan tarihi da lambun shaƙatawa a Damagaram?

Duk mai riƙe da wurin da jama'a ke zuwa kallo, ko ya so ko ya ƙi, sai ya yanke shawara a kan ƙofa. Magadan tsohon gida a Birni da ke son buɗe zaure da soro ga baƙi, ƙungiyar matasan unguwa da ta kewaye fili ta dasa dogon yaro, ma'aikatar magajin gari da aka damƙa wa lambu, duk tambayarsu ɗaya ce. Ko dai a yanka kuɗin shiga a rubuta a allo, ko a ce wa mai shiga ya ba da abin da ya sauwaƙa, wani lokaci a ɗan ambaci adadin da ake fata, ko kuma a bar ƙofa buɗe kowa ya shige. Tun kafin in yi nisa bari in faɗi inda na tsaya. Ta biyun nan, wadda ta fi daɗin ji kuma ta fi kama da halinmu, ita ce ta fi cutar da wurin da baƙonsa a garin nan. Gidan tarihi ɗan ƙaramin tikiti ya kamace shi. Lambu kuwa maganarsa daban ce, zan zo kanta.

A fara da abin da kuɗin zai yi, don mutane da yawa na ɗauka ginin da ya shekara ɗari a tsaye ba ya cin komai. Ginin ƙasa kowace shekara sai ya ci. Kafin damina ta sauka dole a kira magina su yi yaɓe, a duba indararo kada ya toshe, a cike inda bango ya tsage. Azara ɗaya in gara ta rarake ta, rufin ɗakin gaba ɗaya ne ke jiran ruwan farko, kuma giginya ba ta araha yanzu. Kayan ciki ma haka: lifidi, sirdi, battar fata, tsohon littafin ajami, duk abincin gara ne da ɓera, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa komai. Ga mai gadi, ga mai shara, ga kuɗin wuta. Lambu ya fi su ci ma, saboda ruwa, kuma ba sai an gaya wa ɗan Damagaram darajar ruwa ba, shi da ke zaune a kan dutse, wanda in bazara ta kankama ya san abin da ɗan garuwa ke karɓa a kan jarka.

"Abin da ya sauwaƙa" yana da abin da ke jan hankali, ban musanta ba. Ba a kori kowa ba. Mai hali zai iya ba da fiye da yadda za a taɓa yanka masa. Ba a buga tikiti, ba a neman canji, ba a jayayya a ƙofa. Kuma ga mu da al'adar karrama baƙo, cewa mutum "biya kaza kafin ka shiga" yana yi wa kunne nauyi, musamman in gidan na iyaye ne da kakanni. Amma ka tsaya kusa da irin wannan ƙofar rabin yini ka ga yadda take aiki.

Ga magidanci ya zo da surukinsa da ya sauka daga Maraɗi, da yara huɗu a baya. Ya ce, "Baba, nawa ake biya?" Dattijo ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ai babu ƙa'ida, abin da Allah ya hore." Nan take mutumin ya shiga tsaka mai wuya. A aljihunsa akwai dala ɗari, wato sefa 500, da takardar jika biyu, wato sefa 2,000. In ya miƙa dala ɗarin, suruki na kallo. In ya miƙa jika biyun, cefanen gobe ya taɓu, kuma ba a neman canji a kan kyauta. Ya miƙa jika biyun yana murmushin yaƙe, ya shiga yana raya wa kansa cewa ba zai sake kawo kowa nan ba. Bayansa ga wani ya sauko daga babbar mota, wanda kunya ba ta dame shi ba, ya ɗaga wa dattijo hannu, "Sannu da aiki Baba," ya wuce bai ajiye ko dala ba. Can kuma ƴan makaranta uku suka leƙo, suka ji ana maganar kuɗi ba su san ko nawa ba ne, suka kalli juna suka juya.

Wato tsarin ya tatsi mai kunya, ya ƙyale mai ƙarfin ido, ya kuma kori wanda aka ce don shi aka yi sauƙin. Dalilin bai da wuyar ganewa. Wanzamin unguwa ma ai ba ya yanka farashi, kuma yana rayuwa, amma shi ya san ka, ya san gidanku, ya san abin da ubanka yake bayarwa, gobe kuma za ku haɗu a masallaci. Sanayyar ce ke riƙe da ma'aunin. Mai gadin gidan tarihi bai san baƙon ba, baƙon bai san abin da na gabansa ya bayar ba, kuma da wuya su sake haɗuwa. Sai kowa ya yi ta lalube a cikin duhu, mai kirki ya wuce iyaka don tsoron kada a raina shi, marar kirki ya fake da cewa ai ba dole ba ne.

Akwai wata illar da ta fi wannan zurfi. Kuɗin da ba shi da adadi ba ya lissaftuwa. In mutum hamsin suka shiga yau, nawa ya kamata a samu da yamma? Babu mai iya faɗa. In an samu jika uku daidai ne, in an samu jika goma ma daidai ne. Ba cewa nake masu gadi ɓarayi ne ba, yawancinsu dattawa ne masu amana da albashinsu bai isa komai ba. Sai dai tsarin yana jefa mai amana cikin zargin da ba shi da yadda zai wanke kansa, marar amana kuma ya samu ƙofa a buɗe. Ranar da bango ya faɗi aka tambayi ina kuɗin baƙi, nan ne zumunci ke fara tsagewa tsakanin magada ko ƴan kwamiti.

Kada a ce matsalar talauci ce kawai. Gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York ya gwada wannan hanya tun farkon shekarun 1970 har zuwa ranar 1 ga Maris 2018. A ƙarshen zamanin allon ƙofarsa na nuna dalar Amurka 25, amma ko senti ɗaya ka ajiye za a ba ka tikiti. Hukumar gidan da kanta ta bayyana cewa masu biyan cikakken adadin sun sauko daga kashi 63 cikin ɗari a 2004 zuwa kashi 17 a 2017, alhali baƙi sun kai wajen miliyan 7 a shekara. Mutane na ƙaruwa, abin da kowa ke bayarwa na raguwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma wasu baƙi sun kai gidan kotu suna cewa rubutun allon na sa mutum ya ɗauka biyan dole ne, har aka sasanta a 2016 aka sake rubutun. Ka ga dai irin abin da ya faru da magidancinmu: wanda ya san dawan garin ya biya kaɗan, baƙon da bai sani ba ya biya duka. Daga 2018 aka mai da kuɗin dole ga duk wanda ba mazaunin jihar New York ba ne, aka bar wa mazauna jihar da ɗaliban jihohi biyu maƙwabta tsohon tsari, a 2022 kuma farashin ya hau dalar Amurka 30. In gidan da attajiran duniya ke tsaye a bayansa ya kasa dogara da kyautatawar mai shiga, gidan da ke jiran kuɗin yaɓe ya yi hattara.

Wani zai ce ai asusun masallaci a haka yake cika, ba a yanka wa kowa. Gaskiya ne, amma mai sa kuɗi a asusun masallaci ya san abin da yake nema, lada ne, kuma ba ya shakkar sa. Har yanzu mutanenmu ba su kai ga kallon gyaran tsohon soro ko adana takobin kakanni da wannan idon ba. Ana iya wa'azi a kai, ya ma kamata a yi, amma ba a gina kasafin shekara a kan wa'azin da bai riga ya shiga ba.

Tikiti mai farashi a rubuce yana kashe yawancin waɗannan matsaloli a lokaci ɗaya. Magidanci ya karanta allo tun daga bakin titi, ya lissafa kansa da surukinsa, ya san ko aljihunsa zai ɗauka, ba wanda ya ga kunyarsa. Mai mota ya biya kamar kowa. Da yamma a ƙidaya guntayen tikitin da suka rage a littafi, a ƙidaya kuɗi, in sun yi daidai mai gadi ya tafi gida da mutuncinsa. Kuma a karon farko masu wurin za su san mutum nawa ke zuwa, a wane wata, yara nawa manya nawa. Wannan ƙidayar ita ce abin da za a fara tambayar su ranar da suka je neman tallafi wajen hukuma ko wata ƙungiya. Wanda ya ce "ai mutane na zuwa sosai" da wanda ya buɗe littafi ya nuna, ba a saurarensu iri ɗaya.

Sai dai kada wani ya ɗauka tikiti zai ɗauke nauyin gida. A yi lissafi mai sauƙi. A ce ana biyan mai gadi jika 42 a wata, tikitin babba kuma dala ashirin, wato sefa 100 ga masu karatu daga ƙetaren iyaka. Sai mutum 420 sun biya a wata, wato 14 kowace rana ba fashi, kafin a fitar da albashin mutum ɗaya, ba a taɓa maganar yaɓe ba. In aka ɗaga zuwa dala ɗari, mutum 84 sun isa, amma iyalin da ke da manya huɗu za su ga jika biyu a allo su ce a kai kasuwa. Tsakanin nan ne wahalar take. A ganina ga ɗan gari farashin bai kamata ya wuce abin da yake ba ɗan kabu-kabu ya kawo shi wurin ba, domin duk wanda ya iya biyan zuwa ya iya biyan shiga. Yara kuwa a bar su. Ko gidan Louvre na Paris, da ya ɗaga tikiti daga yuro 17 zuwa 22 a Janairun 2024, sama da jika 14 ke nan, ba ya karɓar komai daga wanda bai kai shekara 18 ba, ko daga wace ƙasa ya fito.

Daga nan sai maganar farashi biyu, na ɗan ƙasa da na baƙon waje. Ba sabon abu ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. A Taj Mahal na Indiya ɗan ƙasa na biyan rupi 50, baƙon waje rupi 1,100. Louvre ma tun Janairun 2026 yana karɓar yuro 32 daga wanda ya zo daga wajen Turai. Hujjar a fili take: ɗan ƙasa ya riga ya biya haraji, kayan kuma na kakanninsa ne, wanda ya sayi kujerar jirgi kuwa jika biyu ba za ta girgiza shi ba. To amma a Damagaram wa ake nufi da baƙon waje? Garin da Heinrich Barth ya sauka a ƙarshen 1852, garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, yana da abin da Bature zai so gani, sai dai masu yawon buɗe ido na Turai sun ja baya shekaru da dama saboda matsalar tsaro. Wanda ya ɗora kasafinsa a kansu zai daɗe yana jira. Baƙinmu na yau da kullum daga Yamai suke, da Maraɗi, da Diffa, da Agadas, sai ƴan'uwa daga Daura, Katsina da Kano da suka zo biki ko kasuwa. Bakanon da ya zo ganin kakarsa a Zango, da naira a aljihu, in aka yanka masa farashin Bature an yi rashin hankali, an kuma yi asarar baƙon da ya fi kowa yiwuwar dawowa. A rubuta farashin mai zuwa daga nesa a ƙasan allo, in ya zo alhamdu lillahi, amma maƙwabci ya biya kamar ɗan gida.

Mai son ganin ɗan ƙaramin tikiti yana aiki ya dubi gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959. Ana biya a ƙofa, amma ranar sallah yara ne maƙil a ciki. Abin da ke kawo su ba araha kaɗai ba ce. Akwai namun daji, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamada, akwai busasshiyar itaciyar Tenere da mota ta buge a 1973, akwai maƙera da dukawa suna aiki a gaban idonka. Haka gidan namun daji na Kano yake cika a sallah. Mutanenmu ba ƙin biya suke ba, in akwai abin gani. Tikiti a ƙofar ɗaki mai duhu, da kayan da ƙura ta rufe, babu mai bayani, shi ne zalunci, kuma baƙo sau ɗaya yake faɗa masa.

Saura kyauta. Wannan ita ce mafi kyau in akwai mai ɗaukar nauyi, kuma sharaɗin nan shi ne duk maganar. Gidan tarihi na British Museum a Landan, wanda aka buɗe a 1759, kyauta ake shigarsa, kuma daga Disamban 2001 manyan gidajen tarihi na ƙasa a Birtaniya suka daina karɓar kuɗin shiga. Gidan Victoria da Albert ya bi duk hanyoyin uku: ya fara neman gudummawa a ƙofa a 1985, ya mai da ita dole a 1996, da aka cire a 2001 baƙinsa suka ninka. Gidajen Smithsonian na Washington ma kyauta ne. Amma bayan kowace irin wannan ƙofa akwai baitulmalin gwamnati, akwai kanti da wurin cin abinci a ciki, akwai nune-nune na musamman da ake biya, akwatin gudummawa kuma ƙari ne kawai. A kusa da mu, lokacin da Faransa ta mayar wa Benin kayan masarautar Abomey 26 a Nuwamban 2021, an baje su kyauta a fadar shugaban ƙasa a Kwatano a farkon 2022, jama'a suka yi ta layi. Gwamnati ce ta biya, kuma na ɗan lokaci ne. Gidan da ba shi da irin wannan uba a bayansa, in ya ce kyauta, to bango ne zai biya, sannu a hankali, damina bayan damina.

Lambun shaƙatawa kuwa, a nan nake sauya ra'ayi. Gidan tarihi mutum yakan je sau ɗaya ko biyu a shekara, yawanci don ya raka baƙo. Lambu wurin kullum ne. Ɗalibin jami'a da ke neman inuwa da shiru ya yi bita, dattijon da likita ya ce ya riƙa tattaki, matar da ke son yara su ɗan yi guje-guje nesa da babura, su ne masu lambu. Dala ashirin a rana jika uku ce a wata, kuma ba ɗayansu da zai biya. Sai ka samu lambu mai katanga da mai gadi da ƙofa, babu kowa a ciki sai ranar sallah, kuɗin da aka tara kuma bai biya mai gadin da aka ɗauka don tara shi ba. Wurin da babu mutane shi ne ke zama matattarar abin da ba a so. Gara a buɗe ƙofa a nemi kuɗin a ciki: lilo da motocin yara a biya, mai shayi da mai tsire da mai kilishi su biya hayar rumfa, masu ɗaukar hoton biki su biya, mai son kama gefe guda don walima ya biya. Wanda ya zo shan iska kawai ya sha ya tafi.

Kuma a lambu ne gudummawa ke aiki, amma ba irin ta ƙofa ba. Central Park na New York, mai faɗin hekta 341, ba a biyan komai a shige shi. Ya lalace a shekarun 1970 lokacin da aljihun birnin ya bushe, sai aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta a 1980, wadda har yau ita ke tara mafi yawan kuɗin kula da shi daga masu bayarwa, har da masu ɗaukar nauyin benci a manna ɗan allo da sunan wanda suke so. Mu nan muna da abin da ya fi wannan ƙarfi. Dashen itace da shayar da ruwa sadaka ce da kowane malami ya karantar, kuma kowace 3 ga Agusta ƙasar nan na fita dashe. Ɗan kasuwar da ba zai sa ko dala a akwatin gidan tarihi ba, in dattawan unguwa suka same shi suka ce, "Alhaji, kuɗin ruwan watan Afrilu muke so ka ɗauka, ladan ya je wa marigayi mahaifinka," da wuya ya ce a'a. Ɗan gari da ke Legas ko Libiya ma zai turo ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana. Bambancin shi ne an san mutumin, an faɗi adadin, an faɗi abin da za a yi da shi. Inda wannan shawara ba ta shiga shi ne lambu mai namun daji ko injunan wasa masu cin wuta, don zaki kullum sai ya ci nama, nan tikiti ba makawa. Lambun Azhar na Alƙahira da gidauniyar Aga Khan ta gina a kan tsohon juji aka buɗe a 2005 ma ana biya, kuma an san dalili: hekta 30 na ciyawa da furanni a ƙasar da ba a cika yin ruwan sama ba. Wanda ke son irin wannan korayen a Damagaram ya shirya wa tikiti, wanda ya wadatu da inuwar dogon yaro da benci ba ya bukatarsa.

Fadar Sarkin Damagaram ban sa ta cikin wannan awon ba. Ba gidan tarihi ba ce, ko da yake tarihi ne tsaye tun zamanin Sarki Tanimun da ya kewaye Birni da ganuwa. Gida ne mai rai, ana zaman fada, ana kawo gaisuwa da ƙara. Mai zuwa can baƙon Sarki ne, ba mai sayen kallo ba, kuma goron da zai ba dogarin da ya zagaya da shi yana cikin ladabin wurin, kamar cire takalmi da neman izini kafin ɗaga waya a ɗauki hoto. A bar wannan yadda yake. Kuskuren shi ne a kwaso ladabin fada a kai shi ƙofar wurin da aka buɗe musamman don kallo, a ce shi zai biya magina.

Kai kuma mai ziyara, kafin masu wurare su gyara ƙofofinsu, ka sauƙaƙa wa kanka. Ka fito da canji tun daga gida, don takarda babba a aljihu ita ce ke sa mutum kyautar da bai yi niyya ba. In an ce abin da ya sauwaƙa, ka yanka wa kanka adadi kafin ka iso, kuɗin kabu-kabu ɗaya a kan kowane babba ya wadatar, ka miƙa ba tare da neman afuwa ba. In akwai mai bayani, ku daidaita tun kafin a fara zagaye, ka kuma tambaya ko hoto na da kuɗinsa daban. In an ba ka tikiti ka karɓa, in ba a ba ka ba ka nema cikin ladabi, taimakon wurin ka yi. Wanda Allah ya kai shi Landan ya ga akwatin gilashi a ƙofa da adadi a jikinsa, ya sani in ya wuce bai sa komai ba bai yi laifi ba, haka masu wurin suka tsara. A Metropolitan kuwa zancen "abin da ka ga dama" ya ƙare ga baƙo, kada tsohon labari ya ruɗe shi.

In ni aka ba ƙofar gidan tarihi a garin nan, allo zan fara kafawa a waje, inda za a karanta shi tun kafin a yi sallama, da Hausar boko da ajami da Faransanci. Tikiti mai lamba, littafi ɗaya a lokaci ɗaya. Yara kyauta, ƴan makarantar boko da almajirai kyauta in sun zo da malaminsu. Rana ɗaya a mako kowa kyauta, kuma Alhamis zan zaɓa, ranar da mutanen ƙauye ke shigowa kasuwa, makarantun allo kuma na hutu, a ƙara da 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya. Akwatin gudummawa ba zan jefar da shi ba, wurinsa zan sauya. Ya bar bakin shiga ya koma hanyar fita, a lungun da idon mai gadi da na suruki ba sa kaiwa, bayan mutum ya gama gani ya san ko abin ya ƙayatar da shi. A jikinsa a rubuta aiki guda takamaimai, kamar azarar ɗakin gabas ko akwatin gilashi na littattafan ajami, da kuɗin da aikin zai ci. Kwaɗo biyu, makullai a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba, a buɗe a gaban na uku. Ƙarshen kowane wata a manna takarda kusa da allon farashi: tikiti kaza aka sayar, akwati ya ba da kaza, an biya mai gadi kaza, an sayi azara kaza, saura kaza.